Lambar ƙasa: daga ƙwaryar goro zuwa rabon gado



Kwanakin baya, a wani gida da ke zangon Bawku, aka miƙo mana littafin lissafin wata yarinya 'yar aji biyar. An ce ta tara 1/2 da 1/3, sai ta rubuta 2/5, wato ta haɗa lambar sama da ta sama, ta ƙasa da ta ƙasa. Mahaifinta ya ce kuskuren ƙuruciya ne, girma zai gyara. Mu dai ba mu gamsu ba, domin mun sha ganin masu furfura suna tafka irinsa ranar rabon gado.

Lambar ƙasa tana faɗin gida nawa aka raba abu, ta sama kuma tana faɗin nawa aka ɗauka daga ciki. Kaso biyu ba sa taruwa sai girman yankansu ya zama ɗaya. Fataken da suka riƙa safarar goro daga kasuwar Salaga zuwa Kano a ƙarni na 19 sun san haka ba tare da allon boko ba. Ƙwaryar goro ɗari ce. Rabinta 50, humusinta 20, jimla 70, wato kashi 7 cikin 10. Bafatake ya fara mayar da rabi da humusi ƙwayoyin goro, sannan ya ƙirga. Abin da ake nema daga yarinyar ke nan: ta raba abin gida 6, rabi ya zama 3/6, sulusi ya zama 2/6, jimla 5/6.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne gado. Rabon da ya zo a Suratun Nisa'i, ayoyi na 11, 12 da 176, iri shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Malaman fara'ili ba sa taɓa dukiyar mamaci sai sun nemo abin da suke kira asalin mas'ala, wato ƙaramar lambar da duk kason magada ke shiga cikinta ba saura, kamar 6, 12 ko 24. Ita ce dai lambar ƙasa ta bai ɗaya da ake koya wa yara a firamare.

A ɗauka wani bawan Allah ya rasu a Yendi, ya bar mata, mahaifiya da ɗa namiji guda, kuma bayan jana'iza, biyan bashi da wasiyya, sidi 4,800 ya rage. Mata tana da sumuni, uwa tana da sudusi. Lambar da 8 da 6 ke shiga cikinta ita ce 24, don haka a kasa dukiyar gida 24, kowane gida sidi 200. Mata ta ɗauki gida 3, sidi 600. Uwa gida 4, sidi 800. Ɗa ya kwashe 17 da suka rage, sidi 3,400. Da an bi hanyar yarinyar nan, 1/8 da 1/6 sai su ba da 2/14, wato 1/7, abin da bai kai sidi 700 ba. Kason mace biyu a haɗe ya gaza na uwa ita kaɗai! Haka haƙƙin bazawara da tsohuwa ke salwanta ba tare da kowa ya yi niyyar zalunci ba.

Wani lokaci kason kan zarce asalin. Mamaci ya bar mata, 'ya'ya mata biyu, uba da uwa: 3 da 16 da 4 da 4 sun ba da 27, alhali gidajen 24 ne. A nan ake yin auli, a mayar da lambar ƙasa 27, kowa ya ɗanɗana ragin daidai gwargwadon rabonsa, sumunin mata ya koma 3/27, wato tusu'i. Ita ce mas'alar da ake kira Minbariyya, wadda ake danganta amsarta ga Sayyidina Ali yana kan mumbari a Kufa.

Ko dokar gado da gwamnatin Ghana ta kafa a 1985 da wannan harshe ta yi magana: daga ragowar dukiya ta ba miji ko mata 3/16, 'ya'ya 9/16, iyaye 1/8, al'ada 1/8. Wanda bai san 1/8 daidai yake da 2/16 ba, ba zai iya duba ko jimlar ta cika 16 ba.

Ga aikin gida kafin fitowa ta gaba. Mace ta rasu ta bar miji, uwa da ɗa namiji. Miji yana da rubu'i, uwa sudusi, dukiyar kuma sidi 1,200. A ba yara ƙwayar masara su kasa a kan tabarma bayan sallar isha'i, su faɗi asalin mas'ala da abin da ɗan zai samu.