Jinga ce ke yanka yaranmu

Da riɗi ya nuna a watan Oktoba, samari sai su ƙare a Maiurno da ƙauyukanmu na bakin Shuɗin Nilu. Wasu su nufi Damazin, wasu Gadarif, a kan tirelar tarakta, ƙafafu na reto. In sun dawo za ka ga masu tsumma ɗaure a hannu, mu kuwa mu ce tsautsayi ne. Ni dai laifin na ɗora shi a kan yadda ake biyansu.

Riɗi ba ya jiran kowa. In ya bushe a tsaye sai kwanson ya fashe, ƙwayar ta zube ƙasa. Shi ya sa mai gona ba ya biyan yini, jinga yake bayarwa: iya tarin da ka yanka, iya kuɗinka. To ka ɗauki yaro ɗan shekara 15 da bai taɓa yini da lauje ba, ka jera shi da magidanta. Kunya ba za ta bar shi a baya ba. Zai yi yanka da farin wata, hannun hagu na damƙe da kara, barci na fizgarsa, laujen kuwa ba ruwansa. Ranar kaɗe riɗi ya cusa hannu ƙarƙashin tarin da kunama da maciji suka fake, ƙafarsa da silifa, asibiti kuma tafiyar awanni.

Auduga ma haka. Tun da aka kammala madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, hannun mutanenmu ke cikin tsinkarta, jikokin mahajjata da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Da yawa har yau ba su da hawasha tasu, wato gonar kansu, suna zaune a kambo, sansanin 'yan ƙwadago. Awo ake biya, don haka ba mai jiran warin feshi ya lafa kafin ya shiga gona. Na ga jarkar maganin ƙwari an ɗauraye ta ana shan ruwa da ita. Wanka kuwa a abu ishirin ake yi, magudanar da ke rabon tsargiya.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya rufe makarantu, sai 'yan ƙwadagon suka ƙara ƙanƙanta. Wad Madani, inda manyan asibitocinmu suke, ta yi fiye da shekara a hannun mayaƙan RSF kafin soja su karɓe ta a Janairun 2025.

Dattawanmu sun iya ciniki, sukan yini suna ja-in-ja da wakilin mai gona a kan farashin tari. Su ƙara da tambayar wa zai ɗauki yaro zuwa asibiti, wa zai biya. Sabon shiga a biya shi da yini a makon farko, a ba shi takalmin roba mai rufe ƙwauri. Wakilin da ya ƙi, a bar tirelarsa ta koma wayam.