JAMB da Haddar Manyan Kalmomi

Duk shekara, da an fara sayar da fom ɗin jarrabawar shiga jami'a ta hukumar JAMB, kasuwar wasu 'yan ƙananan littattafai takan buɗe. Za ka gan su a ƙofar makarantun lesin da kan teburan masu sayar da littafi: jerin manyan kalmomin Turanci, kowace da kishiyarta da mai kama da ita, shafi bayan shafi, babu cikakkiyar jimla ko ɗaya. Yaro ya saya, ya zauna a zaure bayan isha'i yana ta nanatawa, uwa na jin muryarsa daga ɗaki tana sa masa albarka. Yaran suna ƙoƙari tsakaninsu da Allah. Abin da ke damuna shi ne mafi yawan wahalar nan ba ta haifar da maki, kuma mu manya ne muka ɗora su a kan hanyar.

Tsoron da suke yi wa Turanci yana da dalili. Tambaya 180 ake amsawa a kan kwamfuta cikin awa biyu, 60 daga ciki na Turanci ne, sauran darussa uku kowane 40. Shi kaɗai ne darasin da ya hau kan kowa, da mai neman likitanci da mai neman karatun Hausa ko Larabci. Su ma ragowar tambayoyi 120 ɗin, in ban da na darussan harsuna irin su Hausa da Larabci, da Turanci aka rubuta su, don haka wanda bai gane abin da ake tambayarsa a Kimistiri ba, ko ya san amsar, ya faɗi. A 2025, cikin ɗalibai sama da miliyan 1.9 da suka zauna jarrabawar, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba a sakamakon farko. Dalilan suna da yawa, har da matsalar na'ura da hukumar ta amsa da bakinta a wasu jihohi, amma duk malamin aji ya san rabon da rashin fahimtar harshe yake ɗauka a ciki.

To, a duba yadda ake tambayar kalmomin. Ba a ajiye kalma ita kaɗai a ce faɗi ma'anarta. A cikin jimla take zuwa, ko cikin labarin da aka cire wasu kalmomi aka ce a cike gurbi, ga zaɓi huɗu masu kama da juna ƙwarai. Wanda ya haddace ma'ana guda, da ya hango ta cikin zaɓin sai ya danna da murna, alhali jimlar wata ma'anar take nufi. Wanda ya saba cin karo da kalmar a wurare daban-daban, kunnensa ne zai gaya masa wadda ta zauna daidai.

Amurka ta bi wannan hanyar ta haddar kalmomi kafin mu. Shekaru da yawa yaransu suna haddace ɗaruruwan kalmomin da ko a jarida da wuya a gansu, saboda jarrabawar shiga jami'a ta SAT. A 2016 hukumar College Board ta sauya fasalin jarrabawar, ta jingine irin waɗancan kalmomi, ta koma gwada ɗalibi a kan kalmomin da zai riƙa haɗuwa da su a jami'a da yadda ma'anarsu ke sauyawa daga jimla zuwa jimla.

Girman aikin ma ya fi ƙarfin lesin wata uku. Farfesa Paul Nation na Jami'ar Victoria da ke Wellington a New Zealand ya ƙiyasta cewa mai son karanta jarida ko littafin labari na Turanci ba tare da yawan tuntuɓe ba yana bukatar tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000 tare da rassansu. A jami'ar ce kuma Averil Coxhead ta fitar da jerin tushen kalmomi 570 a shekara ta 2000, waɗanda suka fi yawo a littattafan ilimi na fannoni daban-daban. In dai jeri za a riƙe, wannan ya fi cancanta, don an tsamo shi daga rubutun da ɗalibi zai tarar a jami'a, kuma kyauta yake a intanet.

Ban raina hadda ba. Mu da muka tashi da allo mun san darajarta, mun kuma san sharaɗinta: alaramma ba ya barin almajiri ya wanke allo ya wuce shi ke nan, sai da tilawa kullum, don karatun da ba a maimaita shi zubewa yake. Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya auna hakan tun 1885, ya ga mafi yawan abin da aka haddace yana gudu a kwanakin farko in ba a waiwaye shi ba. Tilawar kalma kuwa ita ce a sake gamuwa da ita cikin karatu, yau a labari, jibi a jarida, mako mai zuwa a littafin Bayoloji.

Ita kanta JAMB ta ba da ƙofa, mu muka rufe. Tana sanya littafin labari guda a manhajar Turanci: an yi The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli, wanda labarinsa ya ratsa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sai The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba ya gaje shi a 2025. Ƙananan littattafai ne da za a iya gamawa cikin mako guda. Amma me ake sayarwa a bakin titi? Taƙaitawa mai shafi goma da "tambayoyin da za su fito". Littafi ɗaya tak aka ce yaro ya karanta, shi ma mun nema masa hanyar zillewa.

Ga kuma 'yan matan da ke cinye littattafan Hausa a waya har tsakar dare, ana ta yi musu faɗa. Ni ina ganin sun riga sun mallaki abin da ya fi wuyar samu, wato juriyar zama da dogon rubutu. Kada a ƙwace musu, a ƙara musu da na Turanci mai sauƙi, su hau a hankali.

Ɗalibin da jarrabawa ta ƙarato masa ya karanta littafin da aka sanya daga bango zuwa bango, ya bi tambayoyin shekarun baya, duk kalmar da ta ba shi wuya ya rubuta ta tare da jimlar da ta zo a ciki, ya waiwaye ta bayan kwana biyu, sannan bayan mako. Masu ƙanne a ƙaramar sakandare kuwa yanzu ne lokacinsu. Shugabannin makarantu su buɗe ɗakin karatun da aka mayar da shi sito, su ware darasi guda a mako wanda ba a yin komai a cikinsa sai karatu. Uban da zai iya biyan kuɗin lesin wata uku a aji shida zai iya sayen littafin labari ɗaya duk wata tun daga aji ɗaya.