Idan Wutar Gas Ta Yi Rauni, A Nemi Dalili Kafin A Taɓa Regileta

Ina da ƙanwa da aure ya kai ta Tamanhint, wani gari mai nisan kimanin kilomita 30 daga Sabha a kudancin Libiya, inda take dafa zoɓo da kunun zaƙi tana sayar wa 'yan ci-rani. Wata rana cikin watan Janairu ta kira ni da asuba, ta ce, "Yaya, silinda cike take da gas, amma ruwa ya ƙi tafasa." Maƙwabta sun riga sun ba ta shawara: ta girgiza silindar, ko ta kwantar da ita, ko ta cire regileta ta haɗa tiyo kai tsaye. A ganina duk ukun neman gira ne da kan jawo asarar ido. Raunin wuta alama ce, kuma wajibi ne a san abin da take nunawa kafin a kai hannu.

Gas ɗin da ke cikin silinda ruwa-ruwa ne, sai ya zama iska sannan ya fito ya ci wuta. Gauraye ne na sinadarai biyu, furofen da buten. Furofen yakan zama iska ko da sanyi ya kai digiri 42 ƙasa da sifiri, shi kuwa buten yakan tsaya da zarar an kusanci sifiri. Daren hunturu a yankin Fezzan yakan sauko kusa da wannan iyaka. Bugu da ƙari, babban murhu yana zuƙar gas da sauri, wannan zuƙa kuma tana ƙara sanyaya silindar, har a ga raɓa ko ƙanƙara a jikinta. Matsi ya faɗi ke nan, alhali gas bai ƙare ba.

Dalili na biyu shi ne regileta. Ta girkin gida an ƙera ta ne don ta saki matsi kaɗan, milibar 28 zuwa 30 ga buten, 37 ga furofen. Murhun da ake ɗora wa tukunya mai cin lita 50 sau da yawa yana bukatar regileta mai babban matsi. In aka haɗa shi da ƙarama, wutarsa ba za ta taɓa yin ƙarfi ba. Wasu regiletocin kuma suna da makarin da kan rage gudun gas idan aka buɗe silinda alhali murhu na buɗe. Maganin wannan shi ne a rufe komai, a dakata minti ɗaya, a buɗe silindar a hankali, sannan murhun.

Na uku, ƙura. A ƙasar rairayi ƙofar iskar murhu da ƙaramar hudar da gas ke fitowa sukan toshe. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce. Idan ta koma rawaya tana baƙanta gindin tukunya, iska ce ta yi mata kaɗan, irin wannan wuta kuma tana fitar da guba marar wari mai kashe mutum a rufaffen ɗaki.

Na san hujjar masu gajen haƙuri. Gas yakan yi wuya a kudancin Libiya, mai gyara ba ya kusa, masu saye kuma ba sa jira. Amma kwantacciyar silinda ruwan gas take turowa cikin tiyo, ruwan nan kuwa yakan kumbura fiye da ninki 200 idan ya zama iska, wuta ta tashi sama da kan mai girki. Gas ya fi iska nauyi, don haka in ya yi yoyo a ƙasa yake taruwa yana jiran tartsatsi. Da kumfar sabulu ake neman yoyo a mahaɗar tiyo, ba a kusantar wurin da ashana.

Ƙanwata ta duba silindarta ta tarar da raɓa a gindinta. Ta mayar da dahuwar zoɓo zuwa hantsi, ta kuma tanadi silinda ta biyu tana musanyawa idan ɗaya ta yi sanyi. Kuɗin silinda ta biyun ya yi mata nauyi, amma bai kai kuɗin jinyar ƙuna ba.