Ciwon 'Ya Mace: A Ba Waɗanda Suka Warke Kujera a Asibiti

Sharhinmu na yau a kan sankarar mama ne, wadda wasu ke ce wa dajin nono. Za mu ɗauko zancen daga bencin jira na asibiti, inda mata ke zaune da kati a hannu tun da sassafe. A nan ne wadda aka faɗa wa sakamakon gwajinta a makon jiya take haɗuwa da wadda ta yi shekara biyu tana zirga-zirga. Abin da ke gudana tsakanin matan nan biyu ba a rubuta shi a kati, amma sau da yawa shi ne ke sa sabuwar ta dawo karɓar magani, rashinsa kuma shi ke sa ta ɓace.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an gano cutar a jikin mata kimanin miliyan 2.3, ta kuma yi ajalin kimanin dubu 670. A Najeriya ita ce kan gaba cikin dukkan nau'o'in ciwon daji, sabbin kamuwa sun haura dubu 30 a shekara, masu rasuwa kuma sun kai kusan rabin haka. A ƙasashe masu arziki, tara cikin goma na matan da aka gano suna da cutar suna nan da ransu bayan shekara biyar. Cutar dai ɗaya ce. Abin da ya raba mu da su shi ne zuwa asibiti a makare da kuma barin magani a rabi. Shi ya sa a 2021 hukumar ta kafa mizani uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin ɗari tun cutar ba ta yi nisa ba, a kammala bincike cikin kwana 60, sannan aƙalla kashi 80 cikin ɗari na waɗanda suka fara magani su kai ƙarshensa. A kan na ukun nan nake so mu tsaya.

Me ke sa mace ta fara magani ta bari? Kuɗi na farko, kada mu yaudari kanmu. Gida nawa ne aka sayar da gona ko shanu saboda allurar kemo? Nisa na biyu. Wadda aka ce sai an yi mata gashi, wato a ƙona cutar da hasken na'ura, dole ta nufi ɗaya daga cikin 'yan wuraren da ke da na'urar, irin su Shika a Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja. A Nijar kuwa sai a 2021 aka buɗe cibiyar gashi ta farko a Yamai, kuma daga Damagaram zuwa can kusan kilomita 900 ne. Na uku tsoro ne, kuma shi ne wanda kuɗi ba sa sayen maganinsa.

Kowa ya san maganar da ake yi a gidajenmu, wai daji ba ya son ƙarfe, da zarar an taɓa shi da wuƙa ko allura sai ya fusata ya bazu. Ban ga amfanin yi wa masu wannan magana kallon jahilai ba, domin abin da idonsu ya gani suke faɗa. Mace ta ji ƙullutu a mama ta yi shiru saboda kunya. Daga baya aka ce sammu ne, ko jifa, aka shiga shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Sai da wurin ya fashe yana wari aka kai ta asibiti, alhali cutar ta riga ta kai huhu ko ƙashi. Aka yi abin da za a iya, bayan wata uku ta rasu, unguwa duka ta shaida cewa an kai ta asibiti an taɓa ta, ta mutu. To ita kuma wadda ta je da wuri, aka yi mata aiki ta warke fa? Tana nan cikin unguwar, tana zuwa biki da suna, tana aurar da 'ya'yanta, amma daga ita sai mijinta da wataƙila mahaifiyarta suka san abin da ke ƙarƙashin mayafinta. Tana tsoron gorin kishiya, tana tsoron a ce gado ne a ƙi auren 'ya'yanta mata. Sai ya zamana mamaciya ce kaɗai ke ba da shaida a gari, rayayyiya ta yi gum.

Likita zai iya rantsuwa cewa ana warkewa, amma majinyaciya ta san shi ba a cire masa komai ba. Gani ya kori ji. Ranar da wata mace mai ƙiba da fara'a ta zauna kusa da ita ta ce, "Ƙanwata, kalle ni, ni ma an cire min, yau shekara shida," ranar ce zuciyarta take fara yarda. Wasu ma har sukan ja sabuwar gefe su nuna mata tabon aikin, domin abin da take ƙiyastawa a ranta ya fi tabon muni nesa ba kusa ba.

Bayan shaida kuma akwai ilmi, irin wanda ba a samun lokacin bayar da shi a ɗakin likitan da mutum hamsin ke jira a ƙofarsa. Galibi ana yin kemo ne duk bayan mako uku, sau shida ko takwas. Wadda ta riga ta wuce ta san cewa ɗaya daga cikin magungunan ja ne, kuma yakan sa fitsari ya yi ja na kwana ɗaya ko biyu, saboda haka ba jini ba ne. Ta san gashin kai yakan fara zuba mako biyu zuwa uku bayan na farko, za ta ce a tsefe kitso tun da wuri a rage gashin, kuma za ta ɗaga ɗankwalinta ta nuna cewa yana sake tsirowa. Ta san farce yakan yi baƙi, baki yakan yi gyambo, abinci yakan daina daɗi, ta san kwanakin da jiki ke mutuwa da ranar da ƙarfi ke fara dawowa, don haka za ta ce a shirya wanda zai riƙe girki da yara a waɗancan kwanaki. Mafi muhimmanci, ta san cewa zazzaɓi a lokacin kemo ba na jira ba ne. Idan zafin jiki ya kai maki 38 asibiti za a nufa ko da tsakar dare, domin maganin yana rage ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta. Wannan magana ɗaya tak, in ta zo a kan kari, tana iya tsare rai.

Akwai kuma tambayoyin da mace ba za ta taɓa yi wa likita namiji ba, musamman in mijinta ko yayanta na tsaye a kanta. Yaya zan yi da rigar mama? Sai a nuna mata yadda ake ɗinka 'yar matashiya mai laushi a cika gurbin. Yaya batun shimfiɗa da maigida? Al'adata ta ɗauke, ko na daina haihuwa ke nan? Yaya zan yi wanka da alwala da ciwo a jiki? Me zan gaya wa yara? Hannuna na ɓangaren da aka yi aiki yana kumbura, me zan yi? Wadda ta sani za ta koya mata motsa hannu a jikin bango, ta kuma tura ta wurin ma'aikatan da suka san aikin. Har ƙwayar tamoxifen, wadda wasu ke sha kullum na tsawon shekara biyar zuwa goma, tana buƙatar mai tuni, domin idan jiki ya yi daɗi mutum yakan ga kamar an gama.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Ba ma barin mai haihuwar fari ita kaɗai da jego, sai an kawo mata dattijuwar da ta san hanya ta zauna da ita. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, haka muke faɗa. Me ya sa a wannan ciwon kaɗai muke barin mace ta bi duhu ita ɗaya?

A wasu wuraren an daɗe da mayar da abin tsari. A 1952 aka cire wa wata mata mai suna Terese Lasser mama a birnin New York na Amurka. Ta farka ba wanda ya yi mata bayanin yadda za ta ci gaba da rayuwa, sai ta shiga bin asibitoci tana ziyartar matan da aka yi wa irin aikinta, duk da cewa wasu likitoci ba su yi maraba da ita ba. Aikin nata ya zama shirin Reach to Recovery, wanda ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta Amurka ta ɗauka a 1969, daga baya ya yaɗu ƙasashe da dama. A nan gida, Betty Anyanwu-Akeredolu, wadda ita ma ta yi fama da cutar ta warke, ta kafa ƙungiyar BRECAN a Ibadan a 1997, a zamanin da ba a ko son ambatar sunan cutar. A Kumasi ta Gana, ƙungiyar Breast Care International ta Dakta Beatrice Wiafe Addai tana horar da waɗanda suka warke su riƙa raka sababbi. A Arewa muna da masu ƙoƙari wajen wayar da kai da gwaji da tallafin kuɗi, irin su gidauniyar Medicaid ta Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu. Abin da nake ganin ya yi mana ƙaranci shi ne mace mai jin Hausa, wadda ta sha maganin da bakinta, zaune a asibiti ranar ganin likita tana jiran sababbi.

Kada kuma a ɗora wa abin nauyin da ba nasa ba. A 1989 wani binciken jami'ar Stanford ya nuna kamar zaman tattaunawa tsakanin masu cutar yana ƙara tsawon rai. Da aka sake gwadawa da mata masu yawa a Kanada, sakamakon da ya fito a 2001 bai tabbatar da haka ba. Abin da ya tabbatar shi ne raguwar damuwa da sauƙin jin raɗaɗi. Hira ba ta narkar da ƙari. Amma a wurin da babbar matsalar ita ce barin magani a rabi, duk wadda ta riƙe hannun 'yar'uwarta har ta kammala allura ta ƙarshe ta yi aikin da ya shafi rai kai tsaye.

Dole mu faɗi inda abin ke iya ɓaci. Sankarar mama iri-iri ce, maganin da ya dace da Hajiya ba lallai ya dace da maƙwabciyarta ba, saboda haka wadda ta warke ba ta da hurumin cewa a bar wannan a sha wancan. Zaurukan WhatsApp suna da amfani ƙwarai, musamman da yake wadda ba ta iya karatu ba tana iya aika murya, amma ta nan ne masu tallar jiƙo da ke alƙawarin warkarwa cikin mako biyu suke kutsowa su kwashe kuɗin da aka tara na asibiti. Kowane zaure yana buƙatar ma'aikaciyar jinya a ciki, mai ikon gyara magana da korar ɗan damfara. Sai amana. Abin da aka faɗa a zaman ya tsaya a zaman, domin in sirrin mace ɗaya ya fita gari, sauran ba za su ƙara buɗe baki ba. Kuma za a yi rashi, wannan ba makawa. Ranar da ɗaya daga cikinsu ta rasu kowace sai ta ji kamar ita ce ta gaba. A ranar ake buƙatar manyan cikinsu su tsaya, a yi addu'a, a je ta'aziyya, a kuma tabbatar kowa ta je allurarta ta mako mai zuwa. Waɗanda cutarsu ta riga ta bazu ma kada a mayar da su saniyar ware don gudun karya zuciyar sababbi. Suna da haƙƙin maganin raɗaɗi da abokiyar hira har iya kwanakin da Allah ya ɗiba musu.

Maza, zancen ya shafe mu. Kusan ɗaya cikin ɗari na masu wannan cuta maza ne, amma ba nan na nufa ba. Da izinin maigida ake fita, da kuɗinsa ake zuwa, kuma kallon da ya yi wa matarsa ranar da aka kwance bandeji ba za ta manta da shi ba har abada. Mazan da suka yi jinyar matansu da mutunci su ma su nemi sababbi a bakin asibiti su yi musu magana irin ta maza. Cutar ba a ɗaukarta ta kwano ko shimfiɗa, kuma cire mama bai rage wa mace darajar aure ba.

Roƙona ga shugabannin asibitocinmu kaɗan ne. A ware ɗaki ɗaya da kujeru ranar ganin masu sankarar mama. A zaɓi mata biyu ko uku cikin waɗanda suka kammala magani kuma suka amince, a ba su horo a kan abin da za su faɗa da inda za su tsaya, a biya su kuɗin mota, domin su ma jinya ta cinye abin hannunsu. Su ne za su nuna wa baƙuwa ofishin da ake rajistar asusun tallafin masu ciwon daji da gwamnatin tarayya ta fara a 2021, su gaya wa wadda ta zo daga nesa inda za ta kwana a makonnin gashi, su kuma buga waya in an ga wata ba ta zo ranar allurarta ba. Malaman Islamiyya da shugabannin mata na majami'u, ku buɗe musu ƙofa in sun zo yin bayani.

Ke kuma baiwar Allah da kika warke kike saurarenmu yanzu, ba a ce ki fito rediyo ko ki tsaya gaban taro ba, sirrinki naki ne. In kin koma asibiti a duba ki, ki bar wa ma'aikaciyar jinyar da kika yarda da ita lambar wayarki, ki ce in an sami wadda tsoro ya hana ta yarda a yi mata aiki, a haɗa ku. Mace ɗaya ta isa ki fara da ita. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.