Ɓera Ba Mutum Ba Ne: Ra'ayi Kan Binciken Ƙwayoyin Iri

Tun tayi yana ɗan mako uku a mahaifa, kafin a ga alamar hannu ko ido, jikinsa ya riga ya keɓe waɗansu ƙwayoyin halitta 'yan ƙalilan. Su ne ƙwayoyin iri, waɗanda daga gare su ƙwan mace ko maniyyin namiji yake samuwa. Sukan yi ƙaura ta gefen hanjin tayin, su isa inda maraina ko gidan ƙwai zai tsiro wajen mako na 6. A jikin tayin mace yawansu kan kai miliyan 6 zuwa 7 a wata na biyar, sa'an nan su yi ta raguwa. Wato, ya kai ɗalibi, ƙwan da ka fito daga gare shi ya soma ne tun mahaifiyarka tana cikin cikin kakarka.

Wahalar ita ce, ba mai iya leƙa wannan zango a jikin mace mai ciki. Dokar Birtaniya ta 1990 kuma ta hana renon tayin ɗan Adam a ɗakin gwaji fiye da kwana 14, daidai gab da lokacin da ƙwayoyin ke bayyana. Don haka shekara da shekaru ɓera ne malaminmu.

Malamin ya yi rana. A 2011 Mitinori Saitou da Katsuhiko Hayashi na Jami'ar Kyoto a Japan suka sarrafa ƙwayoyin tushe na ɓera suka zama ƙwayoyin iri, har aka haifi 'ya'yan ɓera masu lafiya. Amma a 2015, da Azim Surani na Jami'ar Kambirij da abokan aikinsa suka yi irin wannan da ƙwayoyin mutum, sai suka tarar sinadarin gado mai suna SOX17 ne ke jan ragamar aikin. A ɓera kuwa ba shi ne ke riƙe da wannan muƙami ba. Da an tsaya ga ɓera, da har yau littattafanmu na koyar da kuskure.

Wannan ne ya sa nake ganin ya wajaba a goyi bayan irin wannan bincike. Rashin haihuwa yana raba aure, kuma sau da yawa mace ake ɗora wa laifi, alhali wani lokaci matsalar ta faro ne a ƙwayoyin irin mijin tun yana tayi. Ba za a gane musabbabinta ba sai an ga yadda ƙwayoyin ke tasowa.

Sai dai ban yarda da masu azarɓaɓin cewa an kusa ƙera jarirai daga fatar jiki ba. A 2016 Hayashi ya samar da cikakken ƙwan ɓera a faranti, amma kaɗan ƙwarai daga ƙwayayen suka zama 'ya'ya. Na mutum kuwa, abin da ayarin Saitou ya samu a 2018 ƙwayoyi ne na matakin farko, waɗanda ba su nuna ba, kuma sai da aka rene su watanni tare da ƙwayoyin gidan ƙwan ɓera.