Kada Sirrin Hukuma Ya Cinye Mai Gaskiya

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan ɓoye bayanan masu tsegunta wa hukumomin tsaro sirri idan magana ta kai gaban kotu.

A shekarar 1968, kotu a Boston ta Amurka ta sami mutum huɗu da laifin kashe wani mai suna Edward Deegan, bisa shaidar wani ɗan daba, Joseph Barboza. Ashe hukumar FBI na riƙe da rahotannin da ke nuna cewa ba su suka yi ba, akwai ma hannun ɗan rahotonta, Jimmy Flemmi, amma ta ja bakinta ta tsuke. Cikin mutum huɗun, Henry Tameleo da Louis Greco a kurkuku suka mutu. Joseph Salvati ya share kusan shekara 30, Peter Limone kuwa 33. Da asiri ya tonu, a 2007 mai shari'a Nancy Gertner ta umurci gwamnati ta biya diyyar sama da dala miliyan 101. To, wane kuɗi zai dawo da ƙuruciyar mutum?

Na yarda kare ran ɗan rahoto wajibi ne. Sai dai tun 1957, a shari'ar Roviaro, Kotun Ƙolin Amurka ta ce wannan sirri yana da iyaka muddin wanda ake tuhuma na bukatarsa don kare kansa. Shawarata, a miƙa wa alƙali fayil ɗin ɗan rahoton ya duba a keɓe, ya fitar da abin da zai wanke mara laifi. Ramin ƙarya ƙurarre ne.



Naka,
Mai karanta jaridarka a kullum.