Manyan kalmomin Turanci: A koyi tushe, a rage burga

Duk mai yawo a Facebook da TikTok ya san abin da ake yayi: mutum ya tsinto wata ƙatuwar kalmar Turanci ya jefa cikin rubutunsa, abokai su yi ta cewa "sai Farfesa!" Ka ce ya faɗi ma'anarta da Hausa, sai ya hau sosa ƙeya. Tun lokacin da Patrick Obahiagbon ke fasa Turanci a Majalisar Wakilai, wasunmu suka ɗauka ilimi shi ne ka yi magana kowa ya kasa ganewa.

Mu faɗa wa juna gaskiya, matasa. Sanin kalmomi masu wuya ya zama dole. Cikin tambayoyi 180 na jarrabawar JAMB, 60 na Turanci ne, kuma akwai inda za a ce ka nemo kalma mai ma'ana ɗaya da wata, ko kishiyarta. Ɗan Gwandu ko Kalgo da ke son shiga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta na dindindin ke nan Kalgo, sai da kiredit a Turanci. Bayan makaranta ma, ga takardar ɗaukar aiki, ga sharuɗɗan manhajojin bashi da muke amincewa da su ba mu karanta ba. Kalma ɗaya da ba ka gane ba tana iya cinye maka kuɗi.

Matsalar tana ga yadda muke koyo. A haddace kalma 50 daren jarrabawa, bayan mako guda duk sun bi iska.

Alhali dabarar tana gidanmu. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke Gwandu, ya wallafa Hisnur Rasin kan ilimin sarafu, wato yadda kalmomin Larabci ke tsirowa daga tushe. Ɗalibin zaure da ya san ka-ta-ba ba ya wahala da kitabu, katibu da maktaba. To, yawancin manyan kalmomin Turanci daga Latin da Girkanci suka fito, su ma da tushensu. "Mal" na nufin mummuna, shi ya sa ake da malnutrition da malpractice. "Bene" alheri ne: benefit, benevolent. "Cred" yarda ce: credible, incredible, har da kiredit ɗin da muke nema. Tushe ɗaya, kalmomi goma.

Saboda haka ka rage buri. Kalma uku a rana ta isa, amma ka tsinto su daga abin da kake karantawa, jarida ko littafi, tare da jimlar da suka zo a ciki. Ka duba ƙamus, ka saurari yadda ake furtawa, ka rubuta ma'anar da Hausa, ka gina taka jimlar. Gobe ka waiwaye su, bayan mako ka sake. Ƙanwata, ɗan'uwana, datar da ke ƙarewa a kallon bidiyo ta ishi wannan aikin.

Kuma in ka san kalma, ba ko'ina ake fito da ita ba. Mu ɗaliban aikin jarida abin da ake fara koya mana shi ne: rubuta yadda mai karatu zai gane. Kalmar da ba za ka iya fassara wa kakarka ba, ba taka ba ce tukuna, aro ka yi. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.